Daga Gindin Dutsen Kufena Zuwa Ɗakin Duhu: Ɗaukar Hoton Fili Da Babban Fim Da Wanke Shi Da Hannu

Wanda ya girma kafin zuwan wayar hannu zai tuna mai hoton da ke cusa kansa cikin baƙin mayafi a bayan wani akwati mai ƙafa uku. Irin wannan kyamara ba ta mutu ba. Har yau ana ƙera ta, ana sayar da fim ɗinta, kuma a wajen ɗaukar dutse da itace da sararin sama da baƙi da fari, ni dai ban ga abin da ya kama ƙafarta ba. Fim ɗinta falle-falle ne, ba naɗi ba. Mafi yawan masu farawa suna amfani da mai inci 4 da 5, wanda faɗinsa ya ninka na ƙaramin fim mai milimita 35 wajen sau 13. Idan kana son hoto mai inci 16 da 20, sau huɗu kawai za ka faɗaɗa shi, saboda haka tsagar jikin dutse da ɓawon kuka suna fitowa sumul, ba tsaki-tsaki.

Zan bi hoto ɗaya da kai tun daga farko har ƙarshe: gona a gaba, kuka a tsakiya, Dutsen Kufena na Zariya a baya. A wannan sana'a, tun kana gindin dutse kake yanke yadda takarda za ta fito. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Kayan aiki

Kyamarar kanta ba ta da wani sirri. Allo ne a gaba mai riƙe lens, allo a baya mai riƙe gilashi mai hazo inda hoto ke bayyana, sai zugazugi a tsakani irin na maƙera, mai miƙewa da takurewa. Don yawon daji nemi mai naɗewa: Intrepid ta Ingila tana da sauƙin kuɗi da nauyi, akwai Chamonix da Shen Hao na Sin, akwai kuma tsofaffin Toyo da Crown Graphic a kasuwar kwance. Lens ɗaya ya ishe ka shekara guda, mai milimita 150, na Schneider ko Rodenstock ko Nikkor ko Fujinon, a cikin shota irin ta Copal. Mai milimita 90 don faɗi da mai 210 don jawo nesa su jira tukuna.

Sai ƙafa uku mai ƙarfi, gidan fim kamar guda biyar (kowanne yana ɗaukar falle biyu), igiyar danna shota, gilashin ƙara girma irin na masu gyaran agogo, mitar haske mai auna ɗan tabo kaɗan, filta rawaya da ruwan lemo, da mayafi. Ka sa tela ya ɗinka maka mayafin baƙi a ciki, fari a waje. Wanda ya taɓa shiga baƙin mayafi a ranar watan Afrilu ya san dalili.

Fim kuwa, fara da Ilford FP4 Plus mai saurin 125, ka zauna a kansa har ka san halinsa. Fomapan 100 ya fi araha don koyo. Ka ajiye kwalin a firji cikin leda, in ka fito da shi ka bar shi sa'o'i kaɗan ya saki sanyi kafin ka buɗe, don kada raɓa ta kwanta a kansa. Idan wani zai kawo maka daga waje, ya roƙi a duba shi da hannu a filin jirgi, domin sababbin na'urorin binciken kaya suna lalata fim.

Cusa fim a gidansa

Wannan aiki a duhu ɗungurungum ake yinsa, babu ko jan haske. Kafin ka kashe fitila, zare murafen gidan fim, ka share ciki da buroshi mai laushi, ka hura da ƙwallon iska. Kada ka raina wannan mataki. Ƙwayar ƙura ɗaya da ta kwanta a kan fim kafin ɗauka tana barin farin ɗigo a dodon hoto, wato fim ɗin da aka wanke, wanda zai fito baƙi a takarda, kuma baƙin ɗigo a tsakiyar sama ya fi komai wuyar gyara. A lokacin hunturu nakan yayyafa ruwa a ƙasan ɗakin, in jira kamar rabin sa'a ƙura ta kwanta.

Kowane falle yana da 'yan tsage-tsage a gefe ɗaya. Riƙe shi a tsaye, idan tsagen yana kusurwar sama ta hannun dama, to fuskar magani tana kallonka, kuma ita ce za ta kalli waje. Zura shi ƙarƙashin 'yan layukan gefe biyu, ka ɗan ɗaga bakinsa da farce ka ji ko ya kamu, sannan ka rufe. Murfin yana da baki fari a gefe ɗaya, baƙi a ɗayan. Fari a waje yana nufin ba a ɗauka ba. Ka sadaukar da falle ɗaya ka yi ta gwaji da rana, ido buɗe, sannan ido rufe. Bayan haka kowane gida ya shiga ledarsa mai zif.

A gindin dutse

Lokaci ya fi wuri muhimmanci. Da rana tsaka hasken ƙasarmu yana faɗowa daga ka, ya baje dutse ya zama kamar allo. Ka isa wurin bayan sallar asuba, ko ka jira bayan la'asar, lokacin da haske ke zuwa a kaikaice yana tono kowace tsaga. Damina da farkon kaka sun fi ba da gajimare mai siffa. A hunturu sama fari fat take, kuma babu filtar da za ta mayar da ita baƙa, domin filta shuɗi take dannewa, ba ƙura ba. Amma hazo yana da nasa kyan: yana jera duwatsu hawa-hawa, na kusa baƙi, na nesa toka-toka. In gonar wani za ka shiga, yi sallama ka nemi izini, kuma ka nisanci wuraren tsaro.

Kada ka fara da kafa ƙafa uku. Yanke taga mai inci 4 da 5 a jikin kwali, ka riƙe ta kamar santimita 15 daga idonka, ka yi ta zagaye har ka sami inda kuka ba ta hau kan dutse ba, inda kunyoyin gona ke jan ido zuwa ciki. A nan za ka kafa. Daidaita kyamara ta tsaya cak, mayar da kowane juyi sifili, buɗe shota, buɗe ƙofar haske gaba ɗaya, ka shiga mayafi.

Za ka ga duniya a kife, sama a ƙasa, dama a hagu. Kwana biyu za ka saba, har ma ka ga amfaninsa, domin ido yana daina cewa "ga kuka" ya koma ganin siffa da nauyi. Duba kusurwoyi huɗu kafin tsakiya. Idan kan dutsen bai shiga ba, kada ka ɗaga hancin kyamara, sai dai ka zame allon gaba sama. Ta haka itatuwa ke tsayawa a miƙe, ba su jingina baya ba.

Yanzu ga abin da ya raba wannan kyamara da sauran. A kyamarar yau da kullum, abin da ke fitowa tar yana kan wani bango ne a tsaye a gabanka. Idan ka sunkuyar da allon gaba, wannan bango sai ya kwanta ya bi ƙasa, daga ƙafarka har gindin dutse. Ƙa'idar tana ɗauke da sunan Theodor Scheimpflug, wani hafsan sojan Ostiriya da ya yi mata rajista a 1904: shimfiɗar fim da ta lens da ta abin da ake ɗauka su haɗu a layi ɗaya. Ba sai ka yi lissafi ba. Saita nesa ta fito tar da gilashin ƙara girma, sannan ka sunkuyar da lens a hankali har kunyar da ke gabanka ta fito, ka koma ka gyara nesa, ka sake duba kusa. Zagaye biyu ko uku ya wadatar. Da lens mai 150 a tsayin mita ɗaya da rabi, sunkuyon bai wuce digiri 6 ba. Kuskuren masu farawa shi ne yin yawa.

Amma a hotonmu akwai kuka a tsaye, kuma in bangon ya kwanta sosai, kanta zai fita daga saiti. Don haka rage sunkuyon, ka nemi taimakon ƙofar haske. Saita abin da ya fi buƙatar miƙa zugazugi ka yi alama, saita wanda ya fi buƙatar takure shi ka yi alama, ka tsaya a tsakiyarsu. Idan tazarar alamun wajen milimita 1 ce, f/22 ya isa (lambar f ma'aunin ƙofar haske ce, in ta ƙaru ƙofar ta ƙara matsewa). Wajen 3, f/32. 5 zuwa 6, f/45. Ƙungiyar masu hoto da su Ansel Adams da Edward Weston da Imogen Cunningham suka kafa a San Faransisko a 1932 ta ɗauki sunan f/64, amma su da yawa da fim mai inci 8 da 10 suke aiki. A kan 4 da 5, matse ƙofa fiye da kima yana rage kaifi.

Awon haske

Nan ne zuciyar aikin. Mita ba ta san baƙi ko fari ba, duk abin da ka nuna mata so take ta mayar da shi toka-toka. Tsarin shiyyoyi da Adams da Fred Archer suka tsara wajen 1940 ya raba haske daga 0, baƙi ƙirin, zuwa 10, farar takarda, kowace shiyya ninki biyu na ta ƙasanta. Mita kullum shiyya ta 5 take ba ka.

Nemi inuwa mafi duhu da kake son a ga abin da ke cikinta, misali ƙarƙashin wani ɓangaren dutse. A ce mita ta ba ka 1/4 na daƙiƙa a f/22. Wurin inuwa shiyya ta 3 ne, don haka rage mataki biyu, kowane mataki yana raba hasken biyu: 1/15. Wannan shi ne awonka. Sannan auna wuri mafi haske da kake son ya riƙe zane, fuskar dutse da rana ta haska. Idan ta ba ka 1/125, tazarar mataki biyar ce, ya faɗa shiyya ta 8, wanki na daidai. Idan ta ba ka 1/250, ya hau ta 9, sai ka rubuta cewa wannan falle za a rage masa lokacin wanki da kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari. Dalili shi ne inuwa tana gama fitowa da wuri a cikin magani, wuraren haske ne ke ci gaba da yin kauri. Ɗauka ke gina inuwa, wanki ke riƙe haske. A ranarmu mai kaifi, za ka riƙa rage wanki fiye da yadda kake ƙarawa, kuma abin da fim bai kama a inuwa ba, babu wata dabara a ɗakin duhu da za ta dawo da shi. In kana shakka, ƙara haske.

Sai gyare-gyare. Filta rawaya tana cin mataki ɗaya, ruwan lemo wajen biyu, ja uku. Da ruwan lemo 1/15 ya koma 1/4, in kuma ka matse zuwa f/32 ya koma 1/2. Ka tuna inuwa daga shuɗin sama take samun haske, don haka filta mai ƙarfi tana ƙara mata duhu. Idan lokaci ya wuce daƙiƙa ɗaya, fim yana yin kasala: a FP4, daƙiƙa 10 na mita suna zama wajen 18. Fomapan ya fi haka kasala nesa, ka duba takardarsa.

Jerin ɗauka kuwa, ka haddace shi, kada ka sauya. Ɗaure kowane ƙulli. Rufe shota. Saita ƙofar haske da lokaci. Ɗana shota ka danna sau ɗaya don gwaji, in ta ƙi to ba ka rufe ta ba. Sake ɗanawa. Zura gidan fim har ya zauna, ka lulluɓe bayan da mayafi, ka zare murfin da ke fuskantar lens. Jira iska ta lafa, ganye ya tsaya. Danna. Mayar da murfi baƙi a waje, ka kulle. Rubuta lambar gida, awo, filta da irin wankin da za a yi. Hoton da ya burge ka, ɗauke shi sau biyu, ka wanke ɗaya, ka ga abin da na biyun ke buƙata.

Wanke fim

Banɗaki da dare ya isa, in ka toshe taga da ƙasan ƙofa. Zauna minti biyar a ciki, in ka iya ganin tafin hannunka, haske yana shiga. Jera tire huɗu masu inci 8 da 10: ruwa, maganin fito da hoto, ruwan tsayarwa, da fiksa, maganin da ke tabbatar da hoton don kada haske ya ɓata shi. Wanda ba ya son tsayuwa a duhu ya nemi tanki irin SP-445 mai cin falle huɗu.

Babbar matsalarmu zafi ne. An tsara lokutan wanki a kan digiri 20, ruwan tankin rufi kuwa a bazara yakan haura 30. Da maganin fito da hoto ID-11 ko D-76 da aka haɗa rabi magani rabi ruwa, FP4 yana son minti 11 a digiri 20, a tire kuma da ake motsawa ba tsayawa a rage kamar kashi 15 cikin ɗari. Kowane digiri ɗaya na ƙarin zafi yana cin kusan kashi 10 na lokacin, kuma wankin da bai kai minti 5 ba yakan fito da dabbare-dabbare. Saboda haka ka sanya tiren magani cikin babban baho mai ruwa da ƙanƙara. In ƙanƙara ta yi wuya, ruwan randa da asuba yana kusantar abin da ake so, kuma digiri 24 da ka iya riƙewa ya fi 20 da ke hawa yana sauka. Dukkan ruwayen kada su bambanta da fiye da digiri 5, domin tsalle daga sanyi zuwa zafi yana iya yamutsa fuskar fim. Ga wanda ba ya wanki kullum, maganin Rodinal yana daɗewa a kwalba bai lalace ba.

Fara da falle ɗaya, fuskar magani sama. Minti ɗaya a ruwa, sannan cikin magani gaba ɗaya a tashi guda, kana ɗaga gefen tire bi da bi. Sa wani ya riƙa faɗa maka lokaci daga waje, ko ka naɗi muryarka a waya ka bar ta a aljihu. Daƙiƙa 30 a ruwan tsayarwa, minti 3 zuwa 5 a fiksa mai haɗin 1 da 4, wato kashi ɗaya magani, kashi huɗu ruwa. Kunna fitila. Ɗauraye minti 10, kana sauya ruwa. Ɗaurayar ƙarshe ta zama da tataccen ruwa da ɗigon Photo-Flo, maganin hana tabon ruwa, domin ruwan burtsatse yakan bar tabon gishiri. Rataye ta kusurwa a wurin da ba iska, ka rufe ƙofa, kada ka leƙa sai ya bushe.

Sa safar hannu, ka bar iska ta riƙa shiga tsakanin zagaye. Fiksa da ta gaji tana ɗauke da azurfa, kada a zubar da ita kusa da rijiya ko a gona. Kwalaben magani su kasance da suna a jiki, nesa da yara, ba cikin gorar lemo ba.

Bugawa a takarda

Nan jan haske ya halatta, amma gwada shi: ɗan haska takarda kaɗan, ka ɗora kwabo a kanta minti biyar ƙarƙashin jan fitilar, ka wanke. In siffar kwabon ta fito, fitilar ta yi ƙarfi ko ta yi kusa.

Ba dole sai da na'urar faɗaɗawa ba. Ɗora dodon a kan takarda, fuska da fuska, danne da gilashi mai kauri, ka haska daga sama. Weston da ƙwan fitila kawai ya buga hotunansa ta wannan hanya, haka Seydou Keïta, mai hoton Bamako, da fim ɗinsa mai santimita 13 da 18. Ko kana da na'ura, fara da wannan: ba da mafi ƙarancin lokacin da zai sa gefen fim marar hoto ya yi baƙi ƙirin. Wannan bugu ba ya ƙarya. In inuwa ta toshe, hasken da ka ba shi a daji bai isa ba; in sama ta ƙone, wanki ya yi yawa.

Don faɗaɗawa kana buƙatar na'ura irin Omega D2 ko Beseler 45 ko De Vere 504, da lens mai 135 ko 150. Haɗa ta da sitabilaiza ko inbata, domin wuta in tana hawa da sauka, daƙiƙa 10 na yanzu ba su ne na anjima ba. Yi amfani da takardar Multigrade, wadda filta daga 00 zuwa 5 ke sauya mata tazarar baƙi da fari. Fara da lamba 2, lens a matse mataki biyu.

Yanki ɗan tsiri ka shimfiɗa a wurin haske mafi muhimmanci, ka haska shi kashi-kashi: daƙiƙa 4, 6, 8, 11, 16, 22. Wanke shi cikakken lokaci, minti 1 ga takarda mai rufin roba, minti 2 ga ta zare, a maganin wanke takarda mai haɗin 1 da 9. Kada ka fizge takarda don ka ga tana duhu, jan haske yana ruɗin ido. Sa a fiksa, ka duba a farin haske. Zaɓi lokacin da fuskar dutse ta nuna zanenta. Sannan ka buga cikakke ka dubi inuwa: in ta yi fari-fari hau lamba 3, in ta cushe sauko. Daga lamba 4 sai ka ninka lokaci. Abu ɗaya za ka riƙa sauyawa a kowane gwaji.

Sauran aikin na hannu ne. Gindin kuka ya yi duhu? Liƙa ɗan kwali a bakin siririyar waya, ka tare masa haske daƙiƙa biyu ko uku kana kaɗawa. Sama ta yi fari? Bayan babban lokaci, rufe ƙasa da kwali ka ƙara wa sama rabin mataki, hannu yana motsi don kada layi ya fito a kan dutse. Ni nakan ɗan ƙara wa gefuna huɗu kaɗan, yadda ba za a lura ba, don ido ya zauna a ciki. In mai kallo ya gane inda ka taɓa, ya yi yawa.

Takarda tana ƙara duhu in ta bushe, musamman ta zare, don haka busar da gwaji kafin ka yanke hukunci, ko ka rage kamar kashi 10 na lokacin. Mai rufin roba minti 2 na ɗauraya ya ishe ta, ita ce ta dace da koyo da kuma inda ruwa ke wuya. Ta zare tana son minti 1 a fiksa mai haɗin 1 da 4, ɗauraya minti 5, minti 10 a maganin cire fiksa, sannan wasu minti 5. In babu wannan magani, sa'a guda cur. Shanya ta a kan raga, in ta bushe ka danne ta ƙarƙashin littattafai masu nauyi kwana biyu.

A bayan bugun gwajin, zana taswirar hoton da fensir: tsayin na'ura, ƙofar lens, lambar filta, babban lokaci, inda ka tare da inda ka ƙara da daƙiƙoƙinsu. Dodon ya shiga rigarsa shi kaɗai da lamba ɗaya da ta littafin daji, a akwati mai rufi da ɗan ƙunshin silika, domin laimar damina tana haifar da fumfuna a kan fim da lens duka.